Ruwan famfonmu ya koma tsiyaya, don Allah a ba ni shawara

Maman Ilham, Agege: Salam 'yan uwa. Gidan da muke haya tsohon bene ne, akwai bohol da tanki a sama, amma wata uku kenan ruwa sai dai ya riƙa tsiyaya, bokitin fenti ɗaya wallahi sai in ɗora shinkafa ta tafasa bai cika ba, shawa kam an manta da ita, kuma na asuba ja yake fara fitowa kamar shayi. Lanlod ya canja inji, shiru kake ji. Yanzu jarka nake saya wajen mai ruwa alhali ga famfo a ɗaki.

Baban Walid, Idi-Araba: Hajiya indai tanki na cika to inji ba ruwansa, asarar kuɗi kawai mai gidanku ya yi. Jan ruwan nan tsatsa ce. Gidajen da duk bututun ƙarfe aka sa musu, shekara da shekaru tsatsa na taruwa a ciki har ramin ya tsuke, namu da filamba ya yanko ya ɗaga a rana ko biro ba zai shiga ba, ga ruwan bohol na wasu unguwanni dama da sinadarin ƙarfe a ciki. Mun koma na roba, PPR, sai lafiya.

Ummu Sadik, Ajah: Ku duba ƙasa ma. Mu nan fadama ce aka cike da yashi, damina na wucewa ƙasa ta zauna, bututu ya tsage a mahaɗa, ruwa na ta tafiya ba wanda ya sani sai da muka ga gefen katanga kullum a jiƙe har da gansakuka.

Malam Habu filamba: Ƙanwata kafin a fasa ko'ina, kwance kan famfon ki wanke 'yar ragar bakinsa, yashi na toshe ta. Sannan ku cika tanki da dare, a rufe duk famfunan gidan, a yi alama da alli. In da safe ya sauka to yoyo ne a ƙasa, in bai motsa ba tsatsa ce. Wane hawa kike? Ƙarfin ruwa daga tsayin tanki yake zuwa, tsayin mita 10 ke ba da "bar" 1, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, shi ya sa na sama ke fara shan wahala.

Maman Ilham: Hawa na biyu nake Malam, tankin na saman kanmu. Yau zan gwada na allin, matsalar maƙwabciyata da ke wanki ƙarfe ɗayan dare, bari in je in roƙe ta tukuna.