A taimaka min da data ɗin NHANES, na maƙale a aikin gasa kan wiwi da hawan jini

Salam jama'a, don Allah masu harkar data ku kawo ɗauki. Mun shiga wata gasar ɗalibai ne kan illar kayan maye ga lafiya, ƙungiyarmu ta zaɓi wiwi da hawan jini, muna amfani da data ɗin NHANES (binciken lafiya da abincin jama'ar Amurka) na 2017-2018, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke fitarwa kyauta.

Na haɗa fayil ɗin tambayoyin shaye-shaye da na awon jini ta lambar SEQN (lambar da aka ba kowane mutum a binciken) a pandas (kayan aikin Python na sarrafa data), to a nan matsalar ta fara. Layuka da yawa fayau babu komai, domin duk wanda ya ce bai taɓa shan wiwi ba ana tsallake masa sauran tambayoyin ne, ga kuma masu lamba 7 da 9 wato waɗanda suka ƙi amsawa da waɗanda suka ce ba su sani ba, in na share su duka sai mutanen su ragu sosai, in na cike gurbin da sifili kuma zuciyata ba ta kwanta ba.

Abin da ya fi damuna, sakamakon yana nuna kamar masu sha jininsu bai kai na marasa sha hawa ba. Ina zargin shekaru ne, tunda matasa sun fi sha, amma ba zan miƙa abin da wani yaro zai karanta ya ɗauka wiwi magani ce ba wallahi.

Ya zan yi da guraben nan? Kuma dole ne sai na sa WTMEC2YR (nauyin da ake ba kowane mutum don sakamako ya wakilci jama'ar Amurka) a lissafin? Lokacin miƙawa ya matso, Allah ya saka da alheri.