Cinikin sabuwar mota bayan an ji labarin kiranye: yaya kuka yi da naku?

Baban Ummi, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda abin ya taɓa faruwa da su. Shekara shida ina tari, na haɗa da rancen ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinmu, don in saya wa iyali mota salun. Mu biyar ne, ni da uwargida da yara uku, kuma kusan kowane wata muna kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa gaida iyaye. Na samu ɗaya wurin wani dillali a Abuja, sabuwa dal, ko ledar kujeru ba a cire ba, sai dai ƙirar bara ce, daga Amurka aka shigo da ita. Ya faɗi kuɗinsa, na taya, ya ce albarka, muka rabu a kan zan dawo.

Bayan kwana biyu ƙanena ya turo mini labari cewa kamfanin da ya ƙera ta ya yi kiranye ga wasu motoci irin wannan saboda famfon mai, wato ya nemi a dawo da su a gyara aibin da aka gano. Da na kira dillalin na faɗa masa, nan take ya sauke mini naira miliyan 1, alhali ranar farko ko dubu 200 ya ƙi ragewa. Ragin nan shi ya hana ni barci. In karɓa, ko in haƙura da motar?

Makanikin Ƙofar Ruwa, Kano

Wa alaikumus salam Malam. Kafin maganar kuɗi, karɓi lambar shasi. Haruffa da lambobi ne guda 17, suna ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, akwai kuma a jikin ƙofar direba idan ka buɗe. Ka ɗauki hoton duka biyun da wayarka, ka tabbata sun yi daidai da na takardar kwastan. Tunda daga Amurka ta zo, hukumar kula da lafiyar motoci ta can, NHTSA, tana da wurin da za ka sa lambar kyauta, ya nuna maka ko akwai kiranyen da ba a gyara ba a kan wannan motar ita kanta. Kiranye ba ya hawa kan duk motocin da suka yi suna ɗaya. Waɗanda aka haɗa a wani tsakanin lokaci, da kayan wani rukuni, su yake kamawa.

Ban san wace ce taka ba, amma matsalar famfon mai na san ta. A 2020 Toyota ta yi kiranye a kan famfon da kamfanin Denso ya ƙera. Akwai wata 'yar farfela ta roba a ciki, takan tsotsi mai ta kumbura, ta riƙa gogar jikin famfon har ya tsaya. A watan Janairu suka fara da motoci kusan dubu 700 a Amurka, kafin ƙarshen shekarar sun wuce miliyan 3. Honda ma ta yi nata a Disamban 2023, kimanin miliyan 2 da rabi. Abin lura, jerin yana ƙaruwa. Motar da ta fita tsaf yau, bayan wata shida za ta iya shiga, don haka ba dubawa ɗaya ake yi a manta ba.

Wani maigidana ya taɓa kawo mini motarsa da janwe daga hanyar Wudil. Yana tsakiyar wuce tirela injin ya ɗauke, ga wata motar tana tahowa. Allah ne ya tsare. Famfo ne ya tsaya. Mutane suna jin "famfon mai" su ɗauka ƙaramin abu ne don canza shi bai fi aikin awa biyu ba. Gyaran ne ƙarami, amma inda zai mutu maka ba kai za ka zaɓa ba.

Maman Walid, Ohayo, Amurka

Yaya Baban Ummi, ni abin da ya same ni akasin naka ne. Mun gama ciniki da wani dillalin sababbin motoci a nan, saura sa hannu, sai manajan ya fito ya ce ba za su iya ba mu motar ba, an sanya mata kiranye a makon. Na ce to a rage mana kuɗi mu ɗauka, daga baya mu kawo a gyara. Ya ce ko kyauta ba zai miƙa makullin ba, domin dokar tarayya ta hana dillali sayar da sabuwar mota matuƙar akwai kiranyen da ba a gyara ba. Mun jira mako uku. Da kayan suka iso aka gyara, aka ba mu takarda mai lambar shasin da ranar aikin. Ragin da na samu a kan jiran na same shi, don na nuna masa farashin da wasu dillalai biyu suka rubuto mini, na ce idan ba zai kai nan ba zan tafi inda mota take a shirye.

Dokar ba ta hau kan motar hannu ba, ana sayar da ita da kiranyenta a buɗe. Kuma gyaran kyauta a garejin dillalan kamfanin na nan ake yi. Motar da ta hau jirgin ruwa ta tafi, wasiƙar kiranyenta ba ta bin ta. To ka tambayi mutumin naka: wa zai yi maka aikin a Najeriya, kuma wa zai biya?

Alhaji Ɗan Kwatano

Bari in yi magana a matsayin wanda ya shekara sama da 20 a wannan sana'a, tun muna ɗauko motoci daga Kwatano kafin a hana shigo da su ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017. Malam, kada ka yanke cewa dillalin ya san aibin ya ɓoye. Yawancinmu fenti muke dubawa, da inji, da giya, da takardun fito. Lambar shasi ba ma sa ta a ko'ina. Ni kaina sai da wani yaro ɗan jami'a ya zo sayen mota da mahaifinsa ya nuna mini a waya, sannan na san ana yin haka. Tun ranar ba na biyan kuɗin mota sai ɗana ya duba mini.

Ragin miliyan 1 kuwa, ga fassararsa a wurina. Motar ta kwana a hannunsa, kuɗinsa a ɗaure, wataƙila ma na wani ne yana jiran riba, ga Dala tana hawa da sauka. Ya ji ka zo da magana mai kore masu saye, shi ne ya yi saurin riƙe ka. Wanda ya sauke miliyan 1 a waya ba a roƙe shi ba, akwai sauran wuri a ƙasa.

Idan za ka koma, kada ka tafi da uwargida da yara, don da zarar yaro ya shige kujerar baya yana murna, ciniki ya ƙare. Ka duba tayoyi, akwai lambobi huɗu a gefensu masu nuna mako da shekarar da aka yi su. Ka sa a gwada batir, motar da ta shekara a tsaye batirinta ya sha wuya. Ka tambayi garanti, domin sau da yawa motar da aka yi wa kasuwar Amurka wakilin kamfanin na nan ba ya ɗaukar nauyinta. Kowanne daga cikin waɗannan kuɗi ne, ka lissafa masa ɗaya bayan ɗaya. Maganar la'ada a gama ta tun farko, a san wa zai biya. Kafin alƙalami kuma kada ka bayar sai an rubuta cewa za a mayar maka idan sharaɗi bai cika ba. Ni ban ga dalilin gudun mota don kiranye kawai ba. Wadda aka kira aka gyara ta fi mini wadda ba wanda ya taɓa dubawa.

Abu Maraɗi

Alhaji ya faɗi gaskiya, amma kalmar "aka gyara" ita ce duka maganar. Ni na karɓi ragi a kan alkawarin baki. Matsalar tawa ta na'urar birki ce. Mai motar ya rage mini jikka 400 na sefa, ya ce kayan suna hanya, sati biyu. Wata biyar ina kiransa. Ƙarshe ni na aika Yamai aka yi odar kayan, da kuɗin jirgi da na duwan, wato kwastan, da na mai gyara, ragin ya tafi har na ƙara daga aljihuna. Wata biyar ɗin nan kuma ina ɗaukar 'ya'yana a cikinta zuwa makaranta, kullum gabana yana faɗuwa. Da zan sake, sai in riƙe wani kaso na kuɗin a hannuna har a gama aikin a gabana.

Baban Sadiƙ, Agege, Legas

Ina so in ɗan ja da Alhaji, da girmamawa. Kiranye iri-iri ne. Akwai na takardar da aka manna ba daidai ba, akwai na kyamarar baya, akwai kuma wanda ba a saka shi a ciniki ko kaɗan.

Ku tuna jakar iska ta Takata. Kamfanin na Japan ya yi amfani da sinadarin amoniyam naitiret, irin wanda ke cikin takin zamani, don hura jakar lokacin haɗari. Zafi da laima na shekaru suna lalata sinadarin, sai ya tashi da ƙarfin da ya wuce kima, ya fasa gwangwanin ƙarfen da yake ciki, ɓarɓashin ya nufi fuska da wuyan mutum. Honda ta fara kiranye a 2008 da motoci kusan 4,000. Daga ƙarshe abin ya kai jakunkuna kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, a motocin kamfanoni 19, mutum sama da 25 suka rasu a can. A 2017 Takata ya amsa laifi a kotu, ya amince da biyan Dala biliyan 1, a watan Yunin shekarar ya durƙushe. Da aka zo gyara, wurare masu zafi da laima irin su Filorida aka fara bai wa fifiko. Duk wanda ya zauna a Legas ko Kwatano ya san irin iskar da muke shaƙa. A 2023 Honda ta ce a daina tuƙa wasu Accord da Civic na 2001 da 2002 sam har sai an canza, a farkon 2024 Toyota ta faɗi haka a kan Corolla ta 2003 da 2004. Ku tsaya bakin titi ku ƙirga nawa ne irinsu suke ɗaukar fasinja a garuruwanmu.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan, na taɓa zuwa sayen tokumbo, mai ita yana ta rantsuwa ba ta taɓa haɗari ba. Na murɗa makulli, fitilar jakar iska ba ta kama ba ko na daƙiƙa ɗaya, alhali ya kamata ta kama ta ɗan jima sannan ta mutu. Makanikena ya buɗe sitiyari, babu jaka, soso aka cusa aka mayar da murfi. Nan take mutumin ya ce zai rage. Na ce masa ba kuɗin ne ya yi yawa ba, na tafi. Birki, sitiyari, jakar iska, da duk abin da ke kashe inji a kan gudu ko ya tada wuta, ni ba na karɓar ragi a kansu. A gyara tukuna, sannan mu zauna mu yi ciniki.

Ummu Hanan, Jidda

A nan Ma'aikatar Kasuwanci ce ke sanar da kiranye, wakilin kamfani ya yi gyaran kyauta. Tamu saƙo aka turo wa maigida a waya, ya kai da safe ya karɓo da la'asar. Sai dai Yaya ka lura, idan mota ta kasuwar Larabawa ce, ko ta Dubai aka biyo da ita, rashin ganinta a jerin Amurka ba ya nufin lafiyarta ƙalau. Wakilin kamfanin za ka tambaya da lambar shasin.

Malama Hajara, Zariya

Ni gwauruwa ce, ni kaɗai na je cinikin tawa, kuma na ga yadda ake yi wa mace idan ta yi tambayar inji. Abin da ya taimake ni takarda ce. Na rubuta da hannuna cewa mai sayarwa ya shaida babu aibin da ya sani bai faɗa ba, idan ya bayyana cikin wata uku zai gyara ko ya karɓi motarsa. Ya sa hannu, shaidu biyu suka sa. Da farko ya ɓata rai, na tuna masa cewa a shari'a ma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya fito, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ya yi shiru ya karɓi biro.

Malam Baban Ummi, ka tuna kuma wata rana kai ne mai sayarwa. Aibin da ka karɓi ragi a kansa yau, wajibi ne ka faɗa wa wanda zai saya a hannunka.

Baban Ummi, Kaduna

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya na je Abuja ni da ƙanena. Irin motar guda biyu ce a wurin, fara da ruwan toka. Mun sa lambobin duka a gaban dillalin. Farar, wadda uwargida ta zaɓa, tana cikin kiranyen kuma ba a gyara ba. Mai ruwan tokar ba ta ciki. Mutumin ya daɗe yana kallon wayar, ya ce wallahi bai sani ba, kuma na yarda da shi. Na tambaye shi wa zai canza famfon farar, ya ce zai nemo, na ce to ba ita zan ɗauka ba.

Da muka koma kan mai ruwan tokar ya janye miliyan 1 ɗin, ya ce ai wannan ba ta da komai. Na bi shawarar Alhaji, na nuna masa shekarar tayoyin, aka gwada batir ya nuna rauni, na kawo maganar garanti. Mun tsaya a kan ragin dubu 600 da sabon batir, la'ada a kansa. Takardar Malama Hajara na kwafa kusan kalma da kalma, na ƙara cewa idan lambar wannan motar ta shiga jerin famfon cikin shekara guda, shi zai kawo kayan. Ya ce wata shida, muka daidaita a kan tara. Ban biya ba tukuna. Ranar Litinin zan koma da makanike ya sa mata kwamfuta, idan ta fita lafiya in tura kuɗin.