Tsaka mai zanko: yadda namu suka girma da lokacin da muka fara haɗa su barbara

Ɗan'auta

Assalamu alaikum masu kiwo. Ina da tsaka mai zanko (wadda ake kira crested gecko a Turance) guda biyu, uwarsu ɗaya, rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su, yanzu watansu goma. Ɗaya ta kai giram 24, ɗayar kuwa ta maƙale a giram 14, alhali abinci ɗaya nake ba su. Wannan tazarar lafiya ce? Sannan ina da wani namiji babba da ba danginsu ba, ina so in san lokacin da ya dace in haɗa shi da babbar. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani a wajen nasa.

Maman Ilham

Wa alaikumus salam ƙanena. Tazarar ita kaɗai ba ta tayar min da hankali. Nawa suna fitowa daga ƙwai da nauyin giram 2 ko ƙasa da haka kaɗan, kuma watannin farko sai ka rantse ba sa motsi a kan sikeli. Da zarar sun haura giram 10 sai su riƙa cin abinci da gaske, nauyi ya riƙa hawa kana gani. Na taɓa samun wadda ta kai giram 35 tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, 'yar'uwarta kuma sai da ta kusa shekara biyu kafin ta kamo ta. Yau idan na ajiye maka su ba za ka gane wadda ta yi jinkiri ba.

Abin da nake dubawa shi ne ko nauyin yana hawa, ko da kaɗan-kaɗan ne. Ka samu sikelin da ke nuna ɓangaren giram, ka riƙa auna su duk mako biyu, kafin su ci abinci, ka rubuta. Idan ƙaramar tana kashi, tana saɓa lafiya, ƙashin ƙugunta bai fito ba, to jinkiri ne kawai. Idan nauyin ya fara sauka, wannan wata magana ce. A keji ɗaya suke ko kowace da nata?

Ɗan'auta

A keji ɗaya suke, Anti, tun suna ƙanana.

Mai Sikeli

To ga amsarka nan, malam. Raba su yau. Ba sai ka ga faɗa ba. Da dare suke harkarsu kana barci, babbar ta tsare bakin abinci da wurin kwana mai kyau, ƙaramar ta laɓe. Ni duk lokacin da na bar 'yan ƙwai ɗaya tare haka tazarar take buɗewa. Ka sa ƙaramar a mazubi madaidaici, kada ya yi girma, domin ƙananan suna ɓata a babban keji su kasa gano abinci. Shimfiɗa mata farar takardar goge hannu a ƙasa don ka riƙa ganin kashinta.

Kuma kafin ka yi zancen barbara, wa ya ce maka babbar mace ce? Ɗaga ta ka duba gindin jela. Namiji yana fitar da kumburi biyu a wurin, yawanci tsakanin giram 15 da 25. Da gilashin ƙara girma kuma za ka ga layukan ƙananan ramuka a sama da mafitsararsa tun kafin kumburin ya bayyana.

Baban Tukku

Ni abin da ya canza min girma shi ne ƙwari. Da farko garin abincinsu kawai nake dama musu, na kamfanin Pangea ko Repashy, kuma suna rayuwa lafiya a kai. Da na fara ƙara musu gyare da ƙananan kyankyasai na kiwo sau ɗaya ko biyu a mako, waɗanda suka karɓa sun bar sauran a baya ƙwarai. Sharaɗi biyu: kada ƙwaron ya wuce faɗin tsakanin idanun tsakar, kuma a barbaɗe shi da garin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Wasu kuma ko kallon gyare ba sa yi, ka yi ta fama. Ina da wata da ke gudu idan gyare ya taɓa ƙafarta.

Uwar Gida

Baban Tukku, ban musa ba, amma ina tsoron yadda sababbin masu kiwo ke jin wannan maganar. Sai mutum ya yi ta ɗura wa mace ƙwari don ta kai giram 40 cikin wata goma sha biyu ya haɗa ta da namiji. Kitse daban, ƙosawar jiki daban. Na ga mace mai nauyi da wuya ya yi taiɓa amma ƙashinta bai gama ginuwa ba.

Baban Tukku

Gaskiya ne, Hajiya. Ni zancen ƙanana nake yi, ba gaggawar barbara ba.

Uwar Gida

To bari in yi bayanin barbarar da ɗan tsawo, tunda nan ne ake asarar dabba.

Ba na haɗa mace sai ta cika abu biyu tare: giram 40 zuwa sama, da shekara ɗaya da rabi aƙalla, ni ma na fi son biyu. Wasu suna farawa daga giram 35, ban ce haramun ba ne, amma ni ba na yi. Idan jelarta ta guntule ina la'akari da hakan, domin jelar ma tana da 'yan giram nata, kuma ku sani a wannan jinsin jela ba ta sake tsirowa. Namiji da sauƙi, giram 30 zuwa 35 ya isa.

Dalilin tsaurin shi ne abin da ke biyo baya ba ya hannunka. Mace tana ajiye maniyyin namiji a jikinta na watanni. Haɗuwa ɗaya ta ishe ta ta yi ta saka ƙwai biyu-biyu duk bayan mako huɗu zuwa shida har kakar ta ƙare, ko da ka cire namijin washegari. Ba za ka ce mata ta dakata ba don ka ga ta rame. Kowane ɓawon ƙwai kuma daga kalsiyam ɗin jikinta ake gina shi. In abinci bai wadatar ba, daga ƙashinta za a ciro.

Akwai wata da aka kawo min bayan an haɗa ta tana da giram 28. Ta zo jela a karkace, muƙamuƙi ya yi laushi, yatsu suna rawa, ba ta iya manne wa gilashi. Likitan dabbobi ya ba ta kalsiyam na ruwa, ta rayu, amma karkacewar bayanta tana nan har yau, kuma ta ci gaba da saka ƙwai a cikin wannan halin duk da ba namiji kusa da ita. Ganin haka ya sa ba na sassauci.

Abin da nake yi a kaka: ina auna mace bayan kowace sakar ƙwai. Dole nauyi ya sauka, amma ya kamata ya dawo kafin ta sake sakawa. Idan sau biyu a jere bai dawo ba, namiji ya fita. Ina kuma leƙa bakinta: a ganɗarta akwai fararen jakunkuna biyu da take tara kalsiyam, in sun cika za ka gan su fari tas. Ba kullum ba, don buɗe musu baki yana takura su. A ƙarshen kaka ina raba su wata uku zuwa huɗu, in sassauta ɗumin ɗakin kaɗan, ta huta.

Ɗan'auta

Na gode Hajiya. Malam Mai Sikeli, ka yi gaskiya: na duba, babbar tawa mai giram 24 namiji ne, kumburin ya fito sarai. Ashe da na haɗa maza biyu. Na raba shi da ƙaramar. Ƙaramar ban ga komai ba tukuna.

Mai Sikeli

Da ka sha kallo, maza biyu ba sa zama wuri ɗaya. Ƙaramar kuma kada ka yi saurin kiranta mace. A giram 14 komai na iya fitowa. Na taɓa riƙe “mace” har giram 25 kafin ta nuna min ko ita wace ce.

Ɗalibin Halittu

Ba wanda ya taɓo zafi, kuma a wajena shi ne ya fi tasiri a girma. Asalin dabbar nan dazuzzuka masu laima ne na kudancin Sabuwar Kaledoniya a tekun Fasifik. Wani masanin dabbobi Bafaranshe, Alphonse Guichenot, ya fara bayyana ta a 1866, daga baya aka ɗauka ta ƙare a duniya, sai a 1994 aka sake gano ta. Wato kiwonta a gida bai daɗe ba, shi ya sa har yanzu masu kiwo ke saɓani a kan lambobi. Abin da ba a saɓani a kai shi ne ba ta jure zafi irin na sauran ƙadangaru. Tsakanin digiri 22 da 26 na Salshiyas take jin daɗi. Daga 29 zuwa sama, in ya daɗe, tana iya mutuwa.

Na lura da nawa: lokacin da ɗakin ke sauka zuwa 19 ko 20 cin abincinsu yana raguwa, sikeli ya tsaya cak na makonni, ɗumi na dawowa su ci gaba. A can sama ma haka, da zafi ya matsa sai su bar abinci su manne a ƙasan keji. Don haka Ɗan'auta, kafin ka zargi abinci, ka sa ma'aunin zafi a cikin kejin kansa, ba a bangon ɗaki ba.

Maman Ilham

Tunda an kai ga ƙwai, ga nawa. Ina sa wa mace roba mai murfi da ƙofa a gefe, cike da ƙasa da gansakuka mai danshi, zurfin da zai ishe ta ta haƙa. In ba ta samu wurin da ya yi mata ba, ko ta zubar da ƙwan a fili ya bushe, ko ta riƙe shi a ciki, wanda ya fi haɗari. Idan kika ga mace tana ta haƙa kwana da kwanaki ba ta saka ba, ta yi laushi, ido ya faɗa, wannan aikin likita ne, ba na jira ba.

Da na tono ƙwan nakan ɗiga alama da fensir a samansa, in ajiye shi yadda na same shi, ba na juya shi. Ina sa shi cikin falayit (wani farin tsakuwa marar nauyi mai riƙe ruwa) mai danshi, a roba mai 'yan huji. Ba ni da injin ƙyanƙyasa, a kan kantar ɗaki nake ajiyewa. A digiri 25 zuwa 26 nawa suna fitowa wajen kwana 60 zuwa 70. A 21 zuwa 22 sukan kai kwana 90, wani lokaci su haura 100, kuma a idona waɗannan masu jinkirin sun fi fitowa da girma da kuzari. Shi ya sa na daina ƙoƙarin gaggauta su.

Baban Tukku

Ni ma haka na gani game da masu jinkirin. Kuma kada a yi saurin zubar da ƙwai don ya yi muni. Haska shi da tocila a duhu: mai ɗa yana nuna jan zobe tun kwanakin farko, baragurbi kuma rawaya ne fayau. Mace ko ba ta taɓa ganin namiji ba tana iya saka irin waɗannan marasa ɗa, kuma su ma kalsiyam suke ci mata.

Uwar Gida

Abu biyu ga mai shirin farawa. Masu launin da ake kira Lilly White, kada a haɗa biyu. Ɗan da ya gaji abin daga uwa da uba ba ya rayuwa. Na biyu, ku yi lissafi tun yanzu. Mace ɗaya na iya ba ka 'ya'ya fiye da goma a kaka guda, kowanne da mazubinsa, kuma dabba ce da ke kaiwa shekara 15 zuwa 20. Ni shekarar da na ga ba ni da wurin ajiye su ko masu karɓa, ba na haɗa kowa.

Sabuwar Shiga

Yayyena ku taimaka. Ƙwaina na farko yana kwana 74, yau na ga ruwa ya tsattsafo a jikin ɗaya kuma ya ɗan loɓa. Ɗan'uwansa yana nan yadda yake. Ya lalace ne? In yanka in taimaka masa?

Maman Ilham

Kada ki taɓa shi, ƙanwata. A wannan kwanakin gumi da loɓawa yawanci alamar fitowa ce. Shi zai tsaga ɓawon da kansa, wani lokaci ya leƙo da kai ya zauna haka sa'o'i yana shanye sauran gwaiduwa. Ɗan'uwan na iya biyo shi bayan kwana ɗaya ko biyu. In ya fito ki mayar da shi ƙaramin mazubi mai takarda mai danshi da ganyen roba. Kada ki damu in bai ci komai ba a kwanakin farko, sai ya yi saɓar farko tukuna. Ki ɗiga masa abinci kaɗan a murfin kwalba, ki auna shi ki rubuta, sannan ki bar shi ya huta.