Ina ci sau bakwai cikin goma, amma kuɗin rufin gidana raguwa yake yi

Direban Bronx: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara, hankalina a tashe yake. Shekarata tara ina tuƙin tasi a New York. Ban san besbol ba sai da na fara jiran fasinja a titi na 161, gefen filin ƙungiyar besbol ta Yankees, ina sauraren wasan a rediyon mota. Da aka fara caca ta waya a hukumance a jihar nan a Janairun 2022, wani abokin aikina ya sauke min manhajar. Gini nake yi a Maraɗi, an kai linta, kullum Inna sai ta tambaye ni zancen kwano. Ga matsalar: a cacar besbol, tazarar da aka saba bayarwa, wato makin da ake ƙara wa ƙungiyar da mutum ya zaɓa, maki 1.5 ce, ni kuwa nakan sayi 2.5, wato ko an doke ƙungiyata da maki biyu na ci. Farashin yakan kai -300, in sa dala 300 in samu ribar 100. Watan nan na buga goma na ci bakwai, amma asara na gani. In koma 3.5 ne?

Ɗan Zango: Ɗan uwa, lissafi ne kawai. Bakwai ɗin sun kawo maka 700, ukun sun kwashe 900. A -300 sai ka ci kashi 75 cikin 100 kafin ka mayar da uwar kuɗinka. A -110 kuwa, wato ka sa 110 ka samu ribar 100, ɗan sama da kashi 52 ya isa. Kamfanin ya fi ka sanin darajar wannan makin, kuma da riba yake sayar maka da shi. Ka je 3.5, faɗuwa ɗaya za ta cinye maka cin mako guda. Ka daina sayen tazara, magana ta ƙare.

Na Harlem: Ni akasin haka nake yi. Ina ɗaukar -1.5 a kan baƙi masu ƙarfi, wato sai sun ci da maki biyu ko fiye, don masu gida in suna gaba ba sa buga rabinsu na zagaye na tara, wanda shi ne na ƙarshe, baƙi kuwa suna buga nasu cikakke. Abin da ya ƙona min rai bara, mai jefa ƙwallon ƙarshe ya zubar min da tazarar maki uku ina tsaye a jan wuta, har na baya suna ta danna min hon.

Ɗan Zango: Wannan ma sun sa shi a farashi tun kafin ka farka. Wasa 162 kowace ƙungiya take yi a kaka, babu abin da ba su ƙirga ba.

Maman Yara: Ƙanena, ka ji tsoron Allah. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wuri ɗaya. Maigidana ma da dala goma ya fara. Ranar da takardar bashin haya ta zo, a ƙasan katifa na tsince ta, wata uku yana ɓoye min. Har yau in waya ta yi ƙara da dare gabana faɗuwa yake yi. Ka kira 1-800-GAMBLER, layin taimakon masu matsalar caca, kyauta ne. Nawa ka taɓa cikin kuɗin ginin?

Direban Bronx: Na gode Yaya, amma ni ban kai can ba. Ba na cin bashi, haya kuma ban taɓa fashi ba. Ɗan Zango, biyu daga cikin ukun nan a ƙarin lokaci suka lalace, tunda yanzu ana fara zagaye na goma da ɗan wasa a tasha ta biyu, wato ya riga ya yi rabin hanyar cin maki. Ba zaɓina ne ya ɓaci ba.

Ɗan Zango: Tun 2020 ake wannan dokar, da saninka ka sa kuɗin.

Maman Yara: Ba ka amsa min ba. Nawa ne?

Direban Bronx: Zan mayar da shi kafin Satumba in sha Allah. Akwai wanda ya taɓa gwada 2.5 a zagaye biyar na farko kawai?