RabbitMQ ko Kafka, wanne ya fi dacewa da aikina?

ɗan_Argungu: Salam 'yan uwa. Ina haɗa manhajar dillalan shinkafa nan Birnin Kebbi, to duk sanda aka yi oda sai sabar ta tsaya jiran tura SMS kafin ta amsa, in netwok ya yi rauni mutum ya yi ta kallon waya tana juyi har ya ƙosa ya sake dannawa, oda ta shiga sau biyu. An ce in sa layin saƙo a tsakani, wato manhajar da ke riƙe saƙonni a jere har a zo kansu, irin RabbitMQ ko Kafka. Wanne zan ɗauka don Allah?

mai_kod_Gusau: Wa alaikumus salam. RabbitMQ kawai malam. Oda na shigowa ka jefa ta layi ka amsa ma mutum nan take, wata ƙaramar manhaja ta ɗauka ta tura SMS daga baya, kuma saƙon ba ya fita layi sai ta tabbatar ta gama, in ta mutu a hanya a miƙa ma wata. Amma ka saita shi ya riƙa rubutawa a diski, in ba haka ba sabar na mutuwa shi ke nan saƙonnin sun tafi.

Hajiya_dev: Kafka fa a LinkedIn aka ƙera shi, suka sake shi kyauta a 2011, don ambaliyar saƙonni aka yi shi. Yana riƙe saƙo ko an karanta, kwana 7 in ba ka canza ba. Gaskiya ya yi ma aikinka yawa ƙanena, ga cin RAM.

mai_kod_Gusau: Af, layi ba zai hana oda biyun nan ba fa, shi kansa yakan maimaita saƙo. Ka ba kowace oda lambarta tun daga waya, wadda aka taɓa gani a tsallake ta.

ɗan_Argungu: Madalla, Allah ya saka. VPS, wato sabar haya, mai RAM 2GB zai ɗauki RabbitMQ kuwa?