Neman Shawara: Zan Tuƙa Keke Daga Landan Zuwa Paris Don Tallafa Wa Masu Sikila

Baban Ilham, Manchester:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ko suka taɓa yin doguwar tafiya a keke.

Na yi rajistar tafiyar keke daga Landan zuwa Paris a watan Yuli, domin tara wa wata ƙungiya mai kula da masu sikila kuɗi. Tafiyar kwana huɗu ce, kusan mil 300, wato kilomita 480, ta ɗan ɗara Kano zuwa Abuja. Ranar farko daga kudancin Landan za a miƙa zuwa Dover, a shiga jirgin ruwa a tsallaka Calais, sannan a bi ta Abbeville da Beauvais har a je a tsaya gindin hasumiyar Eiffel. Masu shirya tafiyar suna da motar da za ta riƙa bin mu da jakunkuna da bakanike, su ne kuma za su dawo da kekunan Landan, mu kuma mu biyo jirgin ƙasa na Eurostar. An ɗora wa kowa ya tara aƙalla fam 1,800.

Dalilina shi ne 'yar yayata da ke Zariya, wadda aka haifa da ciwon. Na san abin da uwarta ke sha duk sa'ad da ciwon ya tashi, ga shi aikin jinya nake yi, a nan ma ina ganin yaranmu a kwance suna murƙususu. Ina so in yi wani abu da jikina, ba da baki kaɗai ba.

Ga inda na tsaya. Keken da nake da shi na zuwa aiki ne, mai nauyi, ban taɓa yin nisa da shi ba. Azumi ya ƙarato, ina kuma yin aikin dare. Fasfona na Najeriya ne. Ban san yadda zan kai keke Landan daga nan ba, kuma ina tunanin salla da abinci a hanya. Ta ina zan fara?

Likita, Sheffield:

Wa alaikumus salam. Allah ya sa a mizani. Kafin a zo maganar keke, ƙanena, ka san rukunin jininka? Tunda 'yar yayarka SS ce, to yayarka tana ɗauke da ƙwayar, ke nan ɗaya daga cikin iyayenku ma yana ɗauke da ita. Kai ma kana iya zama AS. Ka fi ni sanin cewa mai AS lafiyarsa ƙalau, akwai manyan 'yan wasa da yawa da haka suke. Amma aikin ƙarfi mai tsanani idan ya haɗu da zafi da ƙarancin ruwa a jiki yana iya zame masa hatsari, kuma arewacin Faransa kan yi zafi sosai a Yuli. Idan ba ka taɓa gwadawa ba, ka je wurin likitanka a duba, a haɗa da hawan jini. In AS ne, ba hana ka tafiya za a yi ba. Za ka ƙara nisa a hankali, ka sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo, ka rubuta a takardar lafiya ta masu shirya tafiyar, kuma ranar da ka ji ciwon tsoka wanda bai yi kama da gajiya ba, ko ƙafafu suka mutu, ko fitsari ya yi duhu, ka sauka ka nemi taimako nan take. Lambar gaggawa a Faransa 112 ce.

Maman Haidar, Birmingham:

Ni biza zan yi maka magana, don ita ce ke karya wa mutanenmu tafiya. Izinin zama a Birtaniya ba ya shigar da kai Faransa. Da fasfon Najeriya sai ka nemi bizar Schengen, kuma 'yan sandan Faransa tun a Dover suke duba fasfo, kafin ka taka jirgin ruwan. Ana iya nema tun saura wata shida a yi tafiya, don haka yanzu ma lokaci ya yi. Kada ka bari sai bazara, lokacin kowa na neman ranar ganawa. Akwai cibiyar karɓar takardu a Manchester, ba sai ka je Landan ba.

Kuɗin bizar yuro 90 ne ga babba, ban da ladan cibiyar. Za su nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da fasfo mai shafi biyu da ba a buga komai ba, wanda kuma zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka. Ka rubuta wa masu shirya tafiyar su ba ka wasiƙa mai ɗauke da sunayen otal-otal ɗin da za ku kwana da bayanin jirgin ruwa da na dawowa, ka haɗa da wasiƙar wurin aiki da bayanan banki. Sannan ka karanta inshorar da kyau. Wasu ba sa biya idan hawan keke shi ne ainihin dalilin tafiyar.

Abu Sadik, Leeds:

Na taɓa bin wannan hanyar, don haka ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Ranar farko ce ta fi wuya, ba don nisa kaɗai ba. Yankin Kent hawa da gangara ne, ga cunkoson fita daga Landan, ga jirgin ruwa da ba ya jiran kowa. Tsallakawar kamar awa ɗaya da rabi ce, kana sauka kuma agogo ya ƙara awa guda, barci ya ragu ke nan. Mutane suna zaton daga Calais hanya shimfiɗe take. Ba haka ba ne, tuddai ne a jere, wannan na ƙarewa wancan na farawa, in iska ta fuskanto ku kuma sai kun ji a cinya.

Abin da ya kamata jikinka ya koya shi ne tashi da safe a gajiye ka sake hawa. Wanda ya yi mil 80 rana ɗaya ya kwana biyu yana hutawa bai shirya ba tukuna. Ka fara da fita uku a mako, biyu gajeru, ɗaya doguwa ranar da ba ka da aiki, kana ƙara wa doguwar kaɗan-kaɗan. Zuwa watan Yuni ya kasance kana iya mil 60 yau, gobe ka sake wani 60 ɗin. Allah ya taimake ka yankin tuddai na Peak District na bayan gidanka, duk tudun da za ka tarar a Faransa akwai wanda ya fi shi a can. Makon ƙarshe kuwa ka sassauta, ka ci, ka yi barci. Kada ka hau titi bayan ka sauko daga aikin dare ba ka runtsa ba, wannan roƙonka nake yi.

Cikin azumi kada ka matsa. Minti arba'in ko awa ɗaya dab da shan ruwa, ko bayan asham a keken gidan motsa jiki, ya isa ya riƙe maka jiki. Doguwar fita a bar ta sai bayan salla.

Ka koyi ci a kan keke. Kowane rabin awa ka jefa wani abu a baki, dabino biyu ko uku, ko ayaba, kana kurɓar ruwa har gora guda ta ƙare a awa, a zafi ma fiye. Gora ɗaya ta zama mai gishirin da ke mayar da abin da gumi ya fitar. Duk abin da ba ka saba ci ba wajen atisaye, kada ka fara shi a hanyar Paris.

Sai sirdi. Ƙafa ba ta cika mayar da mutum mota ba kamar ciwon mazaunai da gwiwa. Ka sayi wandon keke mai soso guda biyu, ana sa shi ne ba tare da ɗan kamfai a ciki ba, ka shafa man hana saɓulewar fata, kowane dare ka wanke wanda ka sa. Ka je shagon keke su daidaita maka tsayin sirdi da nisan hannu daidai da jikinka. Ka koyi cire taya da canza tiyub a ɗakinka tun yanzu, don motar bakanike na iya kasancewa can baya tana fama da wani.

Ɗan Gusau, Luton:

Ni dai a ganina kada ya wahalar da kansa da tsohon keken nan. Tunda a asibiti yake aiki, ya tambayi ofishinsu shirin Cycle to Work na sayen keke ta wurin aiki, ana cire kuɗin daga albashi kafin haraji wata-wata. Ya ɗauki na tsere mara nauyi ya huta.

Abu Sadik, Leeds:

Shirin yana da kyau, na yarda. Amma ba sai mai tsada ba. Keken titi na hannu mai lafiyayyen birki, da giya mai sauƙin hawa tudu, da taya mai ɗan faɗi kamar milimita 28, zai kai shi. Abin da ba na so shi ne ya sayo sabo saura mako biyu. Ko wanne zai hau, ya kasance a hannunsa kafin ƙarshen Afrilu, su saba da juna, a kai shi a duba sarƙa da birki saura mako uku.

Alhaji Babba, Landan:

Ɗana, ba sanyaya maka gwiwa zan yi ba, amma akwai abin da ke raina. Kuɗin keke, da biza, da kaya, da kuɗin rajista, idan ka haɗa ka aika Zariya, magani nawa zai saya wa yarinyar nan da irinta? A Najeriya ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da sikila duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Kuɗin da za ka tara kuma a nan Ingila za a kashe su. Ka yi wannan lissafin?

Malam, Bradford:

Tambayar Alhaji tana kan hanya, ina so in ƙara wata a kanta. Irin waɗannan tafiye-tafiye yawanci tsari biyu gare su. A ɗaya, kai ke biyan kuɗin otal da jirgi da abincinka, duk abin da mutane suka bayar ya tafi ga ƙungiya. A ɗayan, wanda ake ɗora wa mutum adadin da zai tara, ana cire wani kaso mai kauri daga gudummawar a biya kamfanin da ya shirya tafiyar. Ba ha'inci ba ne, a rubuce yake cikin sharuɗɗa. Amma dattijuwar da ta ba ka fam goma a masallaci tana zaton duka ga marasa lafiya za su je. Wannan amana ce a wuyanka. Ka tambaye su a rubuce nawa ne ke tafiya ga hidimar tafiya. In kana da hali ka biya wannan kason daga aljihunka. In babu, ka faɗa wa duk wanda ka nema wurinsa, ka rubuta a shafin tara kuɗin a fili. Kuma ka ce musu sadaka ce, kada wani ya zuba zakkarsa, domin zakka an ƙayyade waɗanda ake ba wa a aya ta 60 ta Suratut Tauba.

Salla kuwa da sauƙi. Matafiyi ne kai, tafiyarka ta wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ambata nesa ba kusa ba. Ka yi ƙasaru, ka haɗa azahar da la'asar a wurin tsayawar cin abincin rana ko bayan kun sauka, tunda a Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai wajen goma saura na dare. Wandon keke yana ɗame jiki, ka ɗora sakakken wando mara nauyi da ya rufe gwiwa a sama, ka sa 'yar sallaya mai naɗewa a aljihun baya. Abinci kuma ka sanar da su tun yanzu cewa kifi ko ganyayyaki kake so, ka tambayi ko da giya aka dafa miya, don girkin Faransa yana da wannan.

Baban Ilham, Manchester:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Likita, an taɓa gwada ni kafin aure, AA ne, amma zan je a duba hawan jinin.

Baba Alhaji, na yi tunanin abin da ka faɗa sosai. Abin da nake aikawa gida don maganinta ba zan taɓa shi ba, da yardar Allah. Abin da na gani shi ne, abokan aikina da maƙwabta ba za su ba ni fam ashirin don na ce zan aika gida ba, amma suna jin keke zuwa Paris suka fara tambayar mene ne sikila. Yaran da ke kwance a nan ma namu ne. Malam, na duba takardun, tsari na biyun na shiga ba shakka. Gobe zan tambaye su ko ana iya komawa na farko.

Maman Haidar, Birmingham:

Madalla. In ka buɗe shafin, ka tuna wa masu bayarwa da ke biyan haraji a nan su amince da Gift Aid, gwamnati na ƙara wa ƙungiyar fam 25 a kan kowane fam 100. 'Yan'uwa na gida ba su cikin wannan, don haka kada su danna wurin. Mu matan nan za mu iya yin masa da sinasir a sayar ranar buɗa-baki na al'umma, ka turo mana bayanin ƙungiyar mu gani tukuna.

Ɗan Gusau, Luton:

Batun kai keke Landan da ba a amsa ba. Jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly ta Manchester zuwa tashar Euston ta Landan yana ɗaukar keke kyauta, amma sai ka kama masa wuri tun da wuri, gurbin kaɗan ne. Ka kama na dawowa ma. Ka taho ana gobe tafiya, ka kwana kusa da inda za a tashi, don da sassafe ake fita, kuma yawancin layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa ba sa yarda da keken da ba ya naɗewa. Fasfo ya kasance a jikinka cikin leda ranar farko, ba a jakar da ke mota ba.

Kana sauka Calais ka koma hannun dama, ka kula sosai a shataletale da kuma safiya in kun fito daga otal, nan ne hannu ke komawa inda ya saba. Dokar Faransa ta hana sa abin jin sauti a kunne a kan keke, tana kuma buƙatar ƙararrawa da fitilu, da riga mai ƙyalli in dare ya yi ko gari ya yi duhu a wajen gari. Hular kwano kuwa masu shirya tafiyar ba za su bar ka ka tashi babu ita ba.

Abu Sadik, Leeds:

Baban Ilham, Asabar ta biyu bayan ƙaramar salla zan shigo Manchester da kekena. Mu fita ta wajen Marple mu yi kamar mil 30, in ga zamanka a sirdi, in kuma nuna maka yadda ake bin bayan wani a ayari ba tare da taya ta taɓa taya ba. Ka taho da tiyub biyu da famfo.