Za a iya mayar da ƙarar injin niƙa wutar lantarki?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Shagona yana kusa da masu niƙa a nan Sakkwato, kuma tun safe har magariba ƙarar injinan tana kaɗa kwanon rufinmu. Tunda ƙara ma ƙarfi ce da ke tafiya a banza, shin babu na'urar da za ta tattara ta, ko da cajin waya ne a samu?

Malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai wasu ma'adanai da ke fitar da lantarki idan aka matsa su ko suka girgiza, abin da 'yan'uwa biyu, Pierre da Jacques Curie, suka gano a Faransa a 1880, kuma da shi ne layitar gas ke yin tartsatsi idan ka danna ta. Matsalar ita ce ƙarfin da ke cikin sauti kaɗan ne ƙwarai. Ƙara mai desibel 100 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), wadda ke cutar da kunne, kashi ɗaya cikin ɗari na wat kawai take bayarwa a kan murabba'in mita, alhali ranar tsaka tana zubo kusan wat 1000 a daidai wannan fili.

Mai gyaran janareta:
Malam ya yi gaskiya. Ni a ganina zafin salansar injin ya fi cancantar a kula da shi, domin yawancin ƙarfin fetur a zafi yake salwanta. Akwai ƙananan faranti da ke ba da wuta idan gefe ɗaya ya yi zafi, ɗayan kuma ya yi sanyi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Zan fara da ƙaramin farantin sola.